Hannun da Ya Ɗaure Dolores

Shafi na 17

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba?", ga shi nan. Ni ma ina da takardun ɗalibai da ke jiran jan biro.

Na dire akwatin kwalin a kan teburin kicin ɗin Mama, tsakanin gwangwanin sukari da maganin hawan jininta. Ƙarfe uku da kwata na ranar Juma'a. Ƙarfe biyar daidai Kendra, editar da za ta sake buga tsofaffin mujallun zanen mahaifina a littafi ɗaya, za ta tura komai maɗaba'a: hotunan, bangon, da gabatarwar da na rubuta mai shafi goma sha ɗaya, wadda a cikinta na yi wa Baba tatas cikin ladabi.

A bangon an rubuta: Mayen Ƙarfe, zanen Hersh Dobkin.

Shi Hersh Dobkin ɗin yana falo a kujerarsa, bargo a gwiwa, yana kallon talabijin ɗin da aka kashe wa murya. Shekara uku ke nan da mantuwa ta fara kwashe masa kaya ɗaya bayan ɗaya.

Mama ta dubi akwatin ta saman tabarau.

"Idan wanki kika kawo, injin wankin da ke ƙasa ya lalace."

"Ba wanki ba ne."

"To ɗauke min shi daga tebur, nan ake cin abinci."

Na buɗe. Asalin zanen ne, manyan fararen kwalayen da aka yi aikin a kansu da fensir da tawada tun kafin a haife ni. Kendra ta aro su don a ɗauki hoto, jiya ta dawo da su. Da safen nan na zauna jera su, na ga abin da na kasa gani a shekara talatin da biyar.

Na zaro ɗaya na shimfiɗa. Ga Mayen Ƙarfe nan, ƙirji kamar ƙofar gareji, ya fasa bango ya shigo, ɗan kamfai a saman wando kamar yadda gwarazan lokacin suka ga ya dace. Ga Dolores a kujera, an ɗaure ta tamau. A takarda aikinta haɗa kiran waya a ofis. Aikinta na gaskiya shi ne a sace ta. A cikin fitowa guda saba'in da biyu an ɗaure ta sau hamsin da tara. Ni na ƙirga. Da wannan ƙirgar aka ba ni digiri na uku.

"Mama, dubi inuwar da ke ƙarƙashin haɓarsa."

"Na gani. Haɓa ce."

"Layukan sun kwanta ta dama. Haka duk mai jan burushi da hannun dama yake yi. Yanzu dubi ta ƙarƙashin haɓar Dolores."

Ba ta duba ba.

"Sun kwanta ta hagu," na ce. "A gashinta ma haka. A siket ɗinta ma haka. Mai hannun dama ba ya jan layi haka sai ya murɗe wuyan hannu."

"Ko ya juya kwalin."

"Sau dubu huɗu? Duk inda mace ta fito sai ya juya kwali, in namiji ya shigo ya mayar?"

"Ubanki mutum ne mai haƙuri."

"Baba ko jiran ruwan shayi ya tafasa ba ya iyawa."

Ta ɗauko butar shayi ta zuba min ba tare da ta tambaye ni ba. Da hagu ta riƙe ta. Ta ga inda idona ya tsaya, sai ta mayar da butar hannun dama, ta zubar da kaɗan a tebur.

"Shekara tamanin da biyu," na ce, "sai yau za ki fara koyon dama?"

"Sha shayinki, Malama."

In ta ce Malama, ranta ya fara ɓaci. In ta kai ga Farfesa, a nemi mafaka.

Jirgin ƙasan da ke bin gada a saman titi ya wuce ta bayan taga, kofuna suka yi ta kaɗawa a kan kanta. Muka jira ya gama, kamar yadda aka saba a gidan nan. Ta ja kujera ta zauna. Ta sa yatsa ta matsar da kwalin daga inda shayin ya zube.

"Ubanki bai iya mata ba," ta ce, kamar mai cewa bai iya soya ƙwai ba. "Ki ba shi jirgin ƙasa ya kife, ki ba shi gada ta karye, ki ba shi ƙato yana naushin ƙato, duk New York babu kamarsa. Amma mace? Ranar da ya fara zana Dolores, sai ki rantse ɗan dambe ne ya saci rigar ƙanwarsa. Mista Gelb, mai mujallar, ya ce ko ya gyara kafin Litinin, ko a ba wani. Ranar Asabar, ranar da addininmu ya hana aiki, na ɗauki burushi, Allah ya yafe min."

"A ina kika koya?"

"Kafin aure ina zana furanni a jikin faranti, a wata masana'anta a Brooklyn. Wanda ya iya fure ya iya mace, in ji mai masana'antar. Shi ma da kin same shi da kin rubuta masa shafi goma sha ɗaya."

"Kin karanta gabatarwar."

"Sau biyu. Na biyun da ƙamus."

"Me ya hana ki zuwa wajen Gelb ki ce ke ce?"

Ta yi dariya ta hanci.

"Akwai mata a ofishin Gelb. Biyu. Ɗaya tana buga tafireta, ɗaya tana goge fensir bayan maza sun sa tawada. Ita mai gogewar ta fi rabinsu iya zane, shekara goma sha ɗaya tana gogewa. Yara maza ne ke sayen mujallar, Marsha. Gelb ya ce in yaro ya ji mace ce ta zana masa gwarzo, zai mayar ya sayi alewa."

"Shi ne kika zauna a kicin kina ɗaure mace a kujera."

"A wannan teburin. Inda kofinki yake."

Na ɗage kofin. Ban san dalili ba.

"Gelb yana da takardar dokoki," ta ce. "Kowa an ba shi. Mace ba ta naushi. Mace ba ta tashi sama sai a hannun namiji. Duk fitowa uku a samu hawaye. Siket ya rufe gwiwa, amma in an ɗaure ta, gwiwa ta ɗan sha iska. Wannan na ƙarshen da baki ya faɗa, bai rubuta ba. Yana da mata da 'ya'ya."

"Ka ji! Wannan shi ne abin da zan sa. An tilasta miki."

"A'a. Kada ki fara."

"Amma ai..."

"Na ce kada ki fara. Na san wannan fuskar. Kin samu sabon babi." Ta jawo wani kwalin ta ɗaga shi kusa da ido. "Me kika rubuta a shafi na huɗu? Wai ƙugun Dolores babu wata 'yar Adam mai rai da ke da irinsa, mafarkin namiji ne wanda bai taɓa kallon mace da kyau ba."

"Haka na ce."

"Ƙuguna ne. A madubin banɗaki nake dubawa. Haka yake kafin ki zo ki rushe shi."

Shekara ashirin da shida ina karanta wa ɗalibai wannan jimlar, suna rubutawa, wasu har da jan layi a ƙasa.

"Kuma ina son zana ta," ta ci gaba. "Ina son rigunan. Ina zuwa manyan kantuna in tsaya a bakin gilashi in haddace ɗinki, in dawo in sa mata. Duk rigar da ban iya saya ba Dolores ta sa ta. In ta suma, ina so ta suma da kyau, gashi ya zubo ta gefe. Ban taɓa zama ina kuka wai ana zaluntar mata ba. Rabin abin da ke takardar Gelb ni ma na yarda da shi. Haka uwata ta koya min, ita kuma ko sunan Gelb ba ta taɓa ji ba."

"Rabi. Ɗaya rabin fa?"

Na zaro gilashin ƙara girma daga jakata, na ɗora a kan hannayen Dolores da ke ɗaure a bayan kujera.

"Wannan ƙullin," na ce. "Na duba guda hamsin da tara ɗin duka da safe. Iri ɗaya ne. Zarge ne, Mama. Irin na fara saƙa. Ja ɗaya ya warware."

"Shi kaɗai na iya. Ni matuƙiyar jirgin ruwa ce?"

"Bakin igiyar kuma kullum yana tsakanin yatsunta."

Ta cire tabarau ta goge da gefen riga. Ta daɗe tana gogewa.

"Wannan kam da gangan ne," ta ce.

"Wato ko yaushe ta so tashi, za ta tashi."

"Ƙwarai."

"To me take jira?"

"Shi mana. Mutum ya fasa bango, ya ɓata riga, ya zo ya tarar ta kwance kanta tana gyara jan baki? Ina zai sa fuskarsa? Ba shi da wata sana'a." Ta mayar da tabarau. "Babu wanda ya taɓa lura. Gelb bai lura ba, yaran ba su lura ba. Wata mata daga Ohio ta taɓa rubuto wasiƙa, layi biyu, ta ce a gaya wa mai zanen ta ga igiyar. Ita kaɗai. Ke da digirinki uku sai yau."

Na dubi agogon bango. Huɗu saura minti biyar.

"Mama, har yanzu ana iya gyara bangon. Layi ɗaya ne. Hersh da Rhoda Dobkin. Shi ya zana maza, ke kika zana mata. In kira Kendra yanzu, shi ke nan."

"Kin duba fitowa ta talatin zuwa sama?"

"Na duba Dolores."

"Ki duba shi."

Na tona akwatin na zaro ta talatin da biyar. Na sa gilashi a haɓar Mayen Ƙarfe. Layukan sun kwanta ta hagu. Na zaro ta arba'in. Hagu. Ƙirjinsa, motocin 'yan fashi, gadar da ta karye, duka hagu.

"Hannunsa ya fara rawa tun yana da shekara talatin da ɗaya," ta ce a hankali, tana kallon ƙofar falo. "Likita ya ce gado ne, babansa ma haka. Fensir bai zauna masa ba, balle burushi. Sai ya riƙa zama a nan yana faɗa min: sa jirgin a can, ƙara masa hayaƙi, naushin bai yi nauyi ba. Ni ina yi. Ran Litinin ya sa hula ya kai."

"Labarin fa? Maganganun?"

"Daga baya su ma."

Akwai fitowa ɗaya da ban so in tambaya ba, ita ma ta san wadda ce.

Fitowa ta arba'in da takwas. Duk wanda ya taɓa zama a ajina ya san ta. A cikinta ƙarfin Mayen Ƙarfe ya koma jikin Dolores na kwana ɗaya. Ta tashi sama, ta tsaya kallon huluna a kanti, 'yan fashi suka kwashe banki, ta jawo motar kashe gobara bisa kuskure ta rushe gidan mai. A shafin ƙarshe ya kifa ta a cinya ya ɗaɗɗaka mata duka a gaban jama'a, 'yan sanda suna dariya. Ita kuma ta share hawaye ta ce ta gode, yanzu ta san matsayinta. A gabatarwata na kira ta shafi takwas mafi ƙasƙanci da aka taɓa sayar wa yara.

"Arba'in da takwas," na ce.

"Ni ce."

"Har da godiyar?"

"Har da alamar motsin rai a ƙarshenta."

"Mama, don Allah, me ya sa?"

"Saboda ba ita ce ta farko ba. Ta farkon da na yi, Dolores ta samu ƙarfin ta tare jirgin ƙasa da ya ƙwace, fasinja ɗari uku. Ta mayar masa da kayansa da yamma, ta koma bakin waya, ba ta gaya wa kowa ba. Ina ɗauke da cikinki wata bakwai, ina ganin kamar zan iya ɗaga gini. Ban taɓa yin zane mai kyau irinsa ba. Ubanki ya kai. Gelb ya tara duk ofis yana nuna musu, yana cewa, Hersh, matarka ce ta fara yi maka raɗa a kunne? Suka yi ta dariya. Ya ce a kawo wani kafin Laraba, kuma a nuna masa wa ke sanye da wando a gidan Dobkin. Ubanki ya dawo ya shiga banɗaki ya rufe, awa biyu."

"Sai kika rubuta duka."

"Sai na ba su abin da ba za su sake tambaya ba. Kuma ba su sake ba. Ita ce ta fi kowace fitowa kasuwa a shekarar." Ta ɗaga kafaɗa. "Na iya aikina."

"Ina ta farkon take?"

"Gelb ya ba mai gogewa ta jefar."

Na zauna ina kallon fitowa ta arba'in da takwas. Na san kowane layi nata kamar tafin hannuna. Tun ina da goma sha tara nake jin haushin mutumin da ya zana ta, na ƙi cin abinci da shi a bukukuwa biyu, na taɓa ce masa a gaban baƙi shi da irinsa ne suka koya wa yaran Amurka raina mata. Ya saurara, ya ce, "Watakila kina da gaskiya, 'yar Baba," ya miƙo min dankali. Mama tana tsaye a bakin murhu ta ba mu baya.

"Kin bar ni ina zaginsa shekara talatin da biyar."

"Shi ya ce a bar ki. Ya ce gara ki tsane shi. Wai uba ana tsanarsa a ci gaba da rayuwa."

"To yanzu kam dole a sa sunanki. Duka littafin naki ne daga fitowa ta talatin."

"A'a."

"Mama!"

"Ɗauki wancan ki kai masa."

"Me zai..."

"Ki kai masa, Farfesa."

Na ɗauki kwali ɗaya na shiga falo. Baba ya ɗago ya dube ni da fara'ar da yake yi wa baƙi.

"Ke ce sabuwar nas ɗin?"

"Marsha ce, Baba."

"Madalla. Ina da 'ya mai irin sunan. Tana jami'a, ba ta da sauƙi."

Na ɗora masa kwalin a gwiwa. Ya kalli Mayen Ƙarfe, ya kalli Dolores, kamar mai kallon fasinjojin da ke wucewa a tasha. Sai idonsa ya sauka can ƙasa, kusurwar dama, inda aka rubuta H. Dobkin da ƙananan haruffa. Yatsansa mai rawa ya bi ya tsaya a kai.

"Ni ne wannan," ya ce. Ya ɗago ya dube ni sosai. "Ni ne. Hersh Dobkin. Kin san Mayen Ƙarfe?"

"Na san shi."

"Ni ne."

Na dawo kicin. Mama tana goge teburin da ta riga ta goge.

"Ya manta lambar gidan nan," ta ce. "Ya manta ƙanensa ya mutu. Ran Talata ya tambaye ni ko ina da aure. Wannan kaɗai ya rage da yake gani ya san kansa. Shi za ki raba biyu don ki ji daɗi?"

"Ba don in ji daɗi ba ne. Gaskiya ce."

"Sa hannun ma ni nake yi masa. Ita ma gaskiya ce. Je ki gaya masa."

Huɗu da ashirin da biyar.

Na ja kujera kusa da ita, na sassauta murya, irin wadda nake yi wa ɗalibar da ta zo ofis da kuka.

"Idan gabatarwar ce ke damunki, zan gyara. Minti ashirin ya ishe ni. In cire maganar ƙasƙanci. In bayyana yadda zamanin yake, yadda aka matsa wa mata, in kawo zancen igiyar. Mutane za su fahimta. Za su ma yaba miki."

Ta ajiye tsumman. Ta juyo gaba ɗaya.

"Maimaita."

"Na ce zan sassauta..."

"Da safe, da kike zaton namiji ne, shafi takwas mafi ƙasƙanci. Yanzu da kika ji uwarki ce, zamani ne. Me ya canja a takardar? Dukan ya ragu? Godiyar ta goge?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka kike nufi. Shi kin ɗauke shi mutum, kin tsayar da shi kin yi masa shari'a. Ni kuma za ki shafa min kai, ki ce wayyo, ba ta san abin da take yi ba. Gelb ma bai raina ni haka ba, don shi bai san ina nan ba." Muryarta ba ta tashi ba, sai dai ta yi kaifi. "Yara mata ma sun karanta arba'in da takwas, a ɓoye, bayan yayyensu sun gama. Na sani, don na gan su a shagon alewa. Wata ta karanta ta yarda. Ni na yi mata wannan, da hannuna, kuma na yi shi da kyau. Abin da kika rubuta daidai ne. Shi ne abu na farko da kika rubuta da na gane daga farko har ƙarshe. In kika taɓa harafi ɗaya, kada ki sake hawo min bene."

"To me kike so in yi? In bar ƙarya a bango, in bar zagi a ciki, a kan mutumin da bai yi ba?"

"Ina so ki sha shayinki."

"Ya huce."

"Da kin sha tun da zafi."

Jirgi ya sake wucewa. Na yi tunanin ɗalibaina, da yadda abin yake da sauƙi a allo: ga masu ɗaurewa a wannan gefe, ga waɗanda aka ɗaure a wancan, a ja layi a tsakiya, a tashi ƙarfe goma sha biyu. Ban taɓa tanadar wa wadda ta iya ƙullin wuri ba.

Biyar saura kwata wayar bango ta yi ƙara. Tsohuwar waya ce mai ƙararrawa, Mama ta ƙi a canja ta. Na ba Kendra lambar ne saboda tawa ba ta kamawa a ginin.

Na ɗauka.

"Marsha? Kendra ce. Yi haƙuri, mutanen maɗaba'a sun tsaya min a ka. Kin ce in dakata da bangon, akwai gyara. Mene ne?"

Na buɗe baki. Sai na ji jan silifa a bayana.

Baba ne a ƙofar kicin, bargon yana jan ƙasa. Wata shida rabon da ya tashi daga kujerar nan ba tare da an kama shi ba. Fuskarsa ta yi fari. Ba ni yake kallo ba, wayar yake kallo, sannan kwalayen da ke baje a tebur.

"Gelb ne?" ya ce da raɗa. "Rhoda, Gelb ne? Yana hanya?"

"Hersh, koma ka zauna."

"Kwashe su. Ɓoye burushin, kada ya ga a gefenki yake." Ya matso yana tangaɗi, ya miƙa mata hannun dama, yatsu a buɗe suna rawa. "Sa min. Yi sauri, sa min tawadar. In ya ga hannuna fes zai gane."

Duk yarintata yatsun Baba baƙi ne da tawada. Da su nake gane shi a cikin iyaye a bakin makaranta, ina nuna wa ƙawayena.

Na dubi Mama.

"Kowace Litinin," ta ce, ba ta dube ni ba. "Kafin ya sa hula."

"Rhoda, don Allah," in ji Baba. Idonsa ya cika. "Na gaji da tsoron mutumin nan. Wata rana zan faɗa masa ke ce. Na rantse zan faɗa. Amma ba yau ba. Sa min."

"Marsha?" in ji Kendra a kunnena. "Kina nan? Minti goma ya rage. Sunan wa zan sa?"

Mama ta daɗe tana kallon hannun da aka miƙo mata. Sannan ta tashi, ta kama yatsun ta riƙe su gam har rawar ta tsaya.

"Ba ni wayar," ta ce.

"Mama, me za ki..."

"Ba ni."

Na miƙa mata. Ta gyara tsayuwa, ta yi gyaran murya.

"Yarinya, Rhoda ce, uwar Marsha. Kina da biro a kusa? To rubuta."